Babbar Jami'a Ko Ƙaramar Kulliya: Ina Ya Dace Mu Kai 'Ya'yanmu?



A duk shekarar da sakamakon jarrabawar shahadar sakandare ta Sudan ya fito, gidajen Hausawa na Hasahisa da ƙauyukan Jazira, har zuwa Mai Wurno da sauran garuruwan bakin Shuɗin Kogin Nilu, sukan shiga shawara iri ɗaya. Yaro ya ci, an yi guɗa, an karɓi barka, sai kuma maganar inda za a kai shi ta taso. Mafi yawanmu sunan makaranta muke fara dubawa, domin suna shi ne abin da ake faɗa a wurin ɗaurin aure da zaman majalisa. Ba kasafai muke tsayawa mu dubi shi yaron da kansa ba, mu auna halinsa da harshensa da ƙarfin gidan da ya fito. Wannan shawara kuwa ba ƙarama ba ce, domin a gida da yawa wannan yaro shi ne na farko da zai taka ƙofar jami'a, kuma kuɗin da za a kashe masa guminsu ne na shekaru a hawasha. Idan ya dawo bayan shekara biyu hannu rabbana, an yi asarar dukiya, kuma ƙannensa na baya da wuya a sake yarda a tura su.

Abin da muke so mu tattauna a nan shi ne bambancin da ke tsakanin babbar jami'a mai dubban ɗalibai da ƙaramar kulliya wadda malami ya san kowane ɗalibi da sunansa, da kuma irin yaron da ya dace da kowace. Maganar ta shafi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Kano kamar yadda ta shafe mu, domin su ma sun daɗe suna turo 'ya'yansu karatu ƙasar Sudan.

Yadda aka zo nan

Kakanninmu sun zo wannan ƙasa ta hanyar aikin hajji da kuma hijira. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka zauna kusa da Sinnar kimanin 1906. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman auduga na Jazira, sai mutanenmu suka bazu cikin ƙauyuka da kambo-kambo suna aikin gona. Karatun da suka riƙe shi ne na halwa da na zaure. Ilimin zamani ya shigo gidajenmu a makare, shi ya sa har yanzu iyaye da yawa ba su da wanda za su tambaya a cikin dangi idan maganar jami'a ta taso.

Babbar jami'ar ƙasar, wato Jami'ar Hartum, ta samo asali daga Kwalejin Gordon da aka buɗe a 1902. An kafa makarantar likitanci ta Kitchener a 1924, aka haɗa su a 1951, sannan ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1956, shekarar da Sudan ta sami mulkin kai. Jami'ar Musulunci ta Umdurman ta tsiro daga Ma'ahadul Ilmi na 1912, ta zama jami'a a 1965. Jami'ar Jazira an kafa ta a Madani a 1975, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1978 da kulliyoyi huɗu: aikin gona, likitanci, tattalin arziki da raya karkara, da kimiyya da fasaha. Daga 1990 gwamnati ta shiga buɗe sababbin jami'o'i a jihohi, ta mai da Larabci harshen koyarwa a mafi yawan fannoni, ta kuma janye ciyarwa da masauki na kyauta da ɗalibai suka saba samu. Wannan ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa, amma ya jawo cunkoso a zaurukan karatu, ya kuma ɗora nauyin abinci da makwanci a wuyan iyaye.

Ƙaramar makaranta ba baƙon abu ba ce

Wanda ya tsaya a bakin kogi a Hasahisa yana hangen Rufa'a a ƙetare. A can ne Shehu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907 da yara 17, tara daga cikinsu 'ya'yan gidansa ne. Daga wannan iri ne ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin mata ta Ahfad a Umdurman a 1966 da ɗalibai 23, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1995. An san Ahfad da koyarwa cikin Ingilishi, da kuma tura ɗalibanta ƙauyuka su zauna da matan karkara a matsayin wani sashe na karatunsu. Haka nan cibiyar horar da malamai ta Bahtar-Ruda, kusa da Duwaim a bakin Farin Kogin Nilu, wadda aka kafa a 1934, ƙaramar makaranta ce ta kwana, amma tasirinta ya kai har ƙasar Hausa, domin a can Shehu Abubakar Mahmud Gumi da abokansa suka yi karatu a tsakiyar shekarun 1950.

A Arewacin Nijeriya ma haka abin yake. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara, amma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato suka fito. Sirrin irin waɗannan makarantu sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure. Malam ya san inda ɗalibi ya tsaya jiya, ya san kalmar da take yi masa wuya, kuma idan bai zo ba za a aika a tambayi lafiya.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan tsari hanya ta musamman. A Amurka akwai ƙananan kwalejoji masu daraja, irin su Williams da aka kafa a 1793 da Amherst da aka kafa a 1821, dukansu a jihar Masacusets, kowace da ɗalibai wajen 2,000. Aikinsu digiri na farko ne, kuma ɗalibi yakan ɗanɗani fannoni daban-daban, kamar lissafi da tarihi da harsuna da kimiyya, kafin ya zaɓi wanda zai ƙware a kai. A Williams akwai darasin da ɗalibai biyu kawai suke zama da farfesa kowane mako, ɗaya ya karanta abin da ya rubuta, ɗayan ya yi masa suka, mako mai zuwa su yi musaya. Kofi Annan, wanda ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya, a irin wannan kwaleji ta Macalester ya gama digirinsa a 1961. Patrick Awuah ɗan Gana ya yi karatu a Swarthmore, ya koma gida ya kafa jami'ar Ashesi a 2002 bisa wannan tsari. A Faransa kuwa, kamar yadda masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla suka sani, ɗaliban da suka fi ƙwazo da yawa ba sa shiga manyan jami'o'i kai tsaye bayan bakaloriya. Sukan yi shekara biyu a azuzuwan share fage, sannan su yi jarrabawar shiga ƙananan makarantu irin su Polytechnique, wadda aka kafa a 1794.

Yaron da ya dace da ƙaramar kulliya

Na farko shi ne mai kunya, wanda ya tashi a ƙauye, aka tarbiyyantar da shi kada ya ɗaga murya gaban manya. Wannan tarbiyya abin alfahari ce a gida, amma a zauren da ɗalibai ɗaruruwa suke zaune, malami yana magana ta lasifika, irin wannan yaro zai iya shekara bai yi tambaya ko sau ɗaya ba. Abin da bai gane ba ya yi ta taruwa har ranar jarrabawa. A aji na mutum ashirin ko talatin shirunsa ba ya ɓoyuwa, malami zai kira shi da suna, kuma a hankali bakinsa ya buɗe.

Na biyu shi ne wanda harshen karatu bai zauna masa ba. 'Ya'yanmu suna magana da Hausa a gida, su yi Larabcin kasuwa a waje, su yi karatu da Larabcin littafi, sa'annan idan suka shiga likitanci ko kimiyya su tarar manyan littattafan da Ingilishi aka rubuta su. Ɗan Maraɗi ko Tawa da ya zo da Faransanci nasa nauyin ya ma fi haka. Harshe ba ya gyaruwa da sauraro kawai, sai an yi rubutu an gyara wa mutum da jan alƙalami, ya sake rubutawa. Malamin da yake da takardu ɗari biyar a gabansa ba shi da lokacin wannan aiki, komai kyan niyyarsa.

Na uku shi ne mai basira wanda bai san abin da yake so ba tukuna. A tsarin Sudan ɗalibi yakan jera zaɓinsa a takardar neman gurbi, a ba shi kulliya bisa makin da ya samu, kuma daga ranar farko an ɗaure shi ga fanni guda. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai sau da yawa zaɓin babansa ko na abokinsa yake rubutawa. Inda malamai suke kusa da ɗalibai, akan gane da wuri cewa wannan an haife shi don koyarwa ne, wancan kuma lissafi ne abincinsa, a ba shi shawara kafin shekaru su tafi.

Na huɗu ita ce yarinyar da iyayenta suke son ta yi karatu amma suna tsoron nisa da cakuɗa. Sau da yawa a gidajenmu zaɓin da ke gabanta biyu ne kawai, ko makaranta ƙarama da ke kusa ko zaman gida. Idan haka ne, kulliyar da za ta je ta dawo ko wadda take da masaukin mata mai tsaro ta fi mata babban suna wanda ba za a bar ta ta je ba.

Yaron da ya dace da babbar jami'a

Akwai kuma yaron da ƙaramar makaranta za ta matse shi kamar takalmin ƙaninsa. Shi ne wanda tun yana sakandare yake gama littafi kafin malami ya kai rabi, ba ya jiran a ce masa tashi ka yi karatu, kuma ba ya jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofar ofishin wanda bai san shi ba. Irin wannan yana bukatar babban ɗakin karatu, da abokan gasa da suka fi shi, da malamai masu bincike waɗanda zai bi sawunsu zuwa digiri na biyu da na uku.

Haka nan akwai fannonin da ba sa yiwuwa sai da kayan aiki masu tsada. Likitanci yana bukatar asibitin koyarwa mai cike da marasa lafiya iri-iri, injiniyanci yana bukatar ɗakunan gwaji da injuna, haka ma harhaɗa magunguna da likitancin dabbobi. Yaron da ya tsai da zuciyarsa a kan ɗaya daga cikin waɗannan, kuma makinsa ya kai, bai kamata a tsare shi a kusa da gida don tausayi ba. Shiga likitanci a Hartum ya saba bukatar maki sama da kashi 90 cikin 100, kuma wanda Allah ya ba wannan rabo daga cikin ƙauyukanmu haƙƙi ne a kan dangi su haɗa ƙarfi su tura shi.

Babbar jami'a tana da wata fa'ida da ba a rubuta ta a takardar shaida. A can ne ɗan Bahaushe zai zauna ɗaki ɗaya da ɗan Dungula da ɗan Kasala da ɗan Fashir, ya san su su san shi. Al'ummar da aka daɗe ana yi wa kallon baƙi, ko da kakanninta sun fi shekara ɗari a ƙasar, tana bukatar 'ya'yanta su shiga inda ake sanin juna, domin abokan aji na yau su ne alƙalai da likitoci da shugabannin ma'aikatu na gobe. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Hartum, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977 ta zama jami'a a 1992, ta yi wannan aiki tsakanin ƙasashe, inda ta haɗa ɗalibai daga Nijeriya da Nijar da Somaliya da sauran wurare masu yawa.

Sai dai wanda zai shiga wannan teku dole ya iya iyo. Ba wanda zai tambaye shi don me bai zo darasi ba. Hayaniyar siyasar ɗalibai, da tsadar birni, da abokan banza, duk suna jiran sa a bakin ƙofa. Yaron da sai an tashe shi da safe a gida, a can ba mai tashinsa.

Abubuwan da ya kamata a yi hattara da su

Ƙanƙanta ita kaɗai ba ta mai da makaranta mai kyau. Tun shekarun 1990 kulliyoyi masu zaman kansu suka yawaita, wasu nagari, wasu kuwa kanti ne da aka liƙa wa allo. Ajinsu ƙarami ne don ba su sami masu biya ba, malamansu kuma na aro ne, su yi darasi su ruga wani wurin. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta amince da kulliyar da kuma fannin da za a karanta, domin amincewa da ɗaya ba ta nufin amincewa da ɗayan. Mai neman likitanci ya bincika matsayin makarantar a wurin Majalisar Likitoci ta Sudan. Wanda zai koma Nijar ko Nijeriya da takardarsa ya tambaya tun yanzu ko za a karɓe ta a can.

Haka kuma girma ba ya hana a sami kusanci. Jami'ar Jazira babba ce, amma kulliyoyinta a warwatse suke cikin garuruwan jihar, kuma Kulliyar Tarbiyya tana nan cikin Hasahisa, wata kuma a Hantub. Ɗalibin irin wannan kulliya yana da sunan babbar jami'a a takardarsa, yana kuma zaune cikin jama'a kaɗan kusa da gida. Kulliyar likitanci ta Jazira ma ta yi suna da raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya suna nazarin matsalar mara lafiya, da fita da su ƙauyuka su ga cututtukan da suke damun manoma. Saboda haka a dubi kulliyar da yaro zai zauna a cikinta, kada a tsaya ga sunan da ke kan babbar ƙofa. A Nijar ma ana iya yin irin wannan awo tsakanin Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010, da Jami'ar Musulunci ta Sayi da ta fara aiki a 1986.

Zaɓin farko kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Barack Obama ya fara a ƙaramar kwalejin Occidental a 1979, ya koma Jami'ar Columbia a 1981. Da yawa sukan yi digirin farko inda ake kula da su, su ƙarfafa, sannan su tafi babbar jami'a don ƙwarewa. Game da kwalejojin Amurka kuwa, a sani kuɗin shekara a mafi shahararsu ya haura dala 80,000, ko da yake wasu, irin su Amherst, suna ɗaukar nauyin ɗalibin da suka karɓa gwargwadon bukatarsa. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Sudan da Cadi cikin ƙasashen da ta hana 'ya'yansu shiga, don haka duk wanda ya zo da alkawarin biza a kan kuɗi a guje shi.

Bayan yaƙi

Duk wannan magana ana yin ta ne a kan tabon da bai warke ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa ya rufe jami'o'in Hartum da Umdurman, aka kwashe ɗaliban ƙasashen waje cikin motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. A watan Disamba na 2023 Madani ta faɗi, Hasahisa da ƙauyukanta suka ga abin da ba a fatan maimaitawa, aka wawashe makarantu da ɗakunan gwaji. Sojoji sun karɓe Madani a watan Janairu na 2025. Jarrabawar shahada ta 2023 ba a yi ta ba sai ƙarshen Disamba na 2024. Jami'o'i da dama sun koma koyarwa ta intanet da cibiyoyin wucin gadi a garuruwan da suka tsira, malamai masu yawa kuma sun fita ƙasashen waje.

Wannan ya ƙara tambayoyi a kan waɗanda aka saba yi. Sunan da makaranta ta yi a 2022 ba ya gaya mana halin da take ciki a yau. Yaron da ya yi shekara biyu ba ya aji, wanda ya ga tashin hankali da idonsa, ya fi kowa bukatar malamin da zai lura da shi. Karatun intanet kuwa yana son waya mai kyau da wutar lantarki da horon kai, kuma mai rauni shi ne yake fara faɗuwa a cikinsa ba tare da wani ya sani ba.

Shawara ga iyaye

Kafin a cika takardar zaɓi, a zauna da yaro a ji ta bakinsa, uwa ma a ji ta bakinta, domin ita ta fi sanin halin ɗanta. A je wurin malamin da ya koyar da shi a sakandare a tambaye shi ko yaron nan yana tafiya da kansa ne ko sai an tura shi. A nemi ɗalibin da yake cikin kulliyar a halin yanzu, a tambaye shi mutum nawa ne a ajin shekarar farko, da wanda yake koyarwa, da ko ana mayar da takardu da gyara, da inda ake kwana, da ko ɗakin gwaji yana aiki. A yi lissafin kuɗin shekara huɗu ko biyar gaba ɗaya, har da abinci da mota da littattafai, domin gurbin da ake saya da kuɗi a manyan jami'o'i ya karya gidaje da yawa a shekara ta biyu. Hausawa sun ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma bashin da aka ci don burge maƙwabta maƙwabta ba sa taya biya.

A gida ɗaya za a iya samun wa ya dace da Hartum, ƙani kuma ya dace da kulliyar da ke bayan gari, ba tare da ɗaya ya fi ɗaya daraja ba. Ƙauyukanmu suna bukatar likita, suna kuma bukatar malamin aji da ungozoma da malamin gona waɗanda za su zauna cikinmu. Abin da za a tambaye mu a kai shi ne ko mun ajiye kowane yaro inda zai iya kai ƙarshen karatunsa.

Allah ya ba ƙasar Sudan zaman lafiya, ya shirya mana zuriya, ya sa mu dace.